Kafin a ce mu tashi daga bakin Kwara, a rubuta gidan na wane ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ara mini fili a shafin wasiƙu, ko da tawa za ta ɗara ta sauran jama'a tsawo. Ni tsohon malamin firamare ne, na daɗe da ajiye alli, kuma a Lakwaja aka binne cibiyata, a wani gida da ke kallon Kogin Kwara, ba nisa da kwata.

Duk shekara in damina ta yi nisa, jaridu, har da taku, sukan buga sanarwar hukuma cewa mazauna bakin ruwa su tattara su koma tudu. Ban ƙi ba. Wanda ya taɓa ganin katifarsa tana yawo a tsakar gida ba zai ja da mai cewa a tashi ba. Sai dai akwai tambaya ɗaya da har yau ban ji ɗan jarida ya yi wa kowa ba: in mun tashi, filin da muka bari na wa zai zama? Ita ce ta sa na ɗauki biro. Kuma sai na ba ka labarin hannayen da ƙasar gidanmu ta ratsa kafin ka gane abin da ke sa tsofaffinmu noƙewa in an kawo motar kwashe mutane.

Gidan ba abin a zo a gani ba ne. Zaure ɗaya, ɗakuna bakwai, gindin katanga na jan bulo, samanta na laka. Kwanon rufin zauren irin mai kaurin nan ne na zamanin Kamfanin Neja na Turawa, wanda ƙusa ba ta shigarsa sai an sha wuya. Ta ƙofar baya akwai matakala uku na dutse masu gangarawa ruwa, a jikin ta ƙarshe kuma an kafa wani zoben ƙarfe da ya kai kaurin yatsa biyu, na ɗaure jirgi. In ka tsaya a nan da hantsi kana hango inda Binuwai ta shigo Kwara, kowanne da launin ruwansa, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya. A bayanka Dutsen Patti ne. Ina yaro na ɗauka zoben nan kakana ya kafa shi. Sai da na girma Gwaggo ta ce mini ya girmi zuwanmu garin.

To, bari in fara da manya, masu sayar da ƙasa da alƙalami.

A 1841 jiragen Turawan Ingila uku suka hauro Kwara, da niyyar buɗe gonar gwaji ta auduga a mahaɗar kogunan nan, wai don noma ya maye gurbin cinikin bayi. Suka tsaya Idah, suka ƙulla yarjejeniya da Atta na Igala, aka yanka musu fili a nan kan kuɗin wuri 700,000. Ga wanda bai san lissafin da ba, keso ɗaya zambar ashirin ne, ka ga keso 35 ke nan. Zazzaɓi ya yi musu kaca-kaca, shekara ba ta zagayo da kyau ba aka watsar da gonar. Amma ka lura da yadda aka soma: mai sayarwa yana Idah, mai saye yana Landan.

Wajen 1860 wani likita Bature mai suna Baikie ya zauna a wurin ya buɗe kasuwa, kuma daga nan ake ƙirga kafuwar garin da muka sani. Shi ba Idah ya kalla ba, Bida ya kalla, domin a lokacin ƙarfin Etsu Masaba, sarkin Nufawa, ne ya rufe wannan gaɓa, a inuwarsa ya zauna. Mutumin ya ji Hausa, har Kano ya je a 1862, ya rasu a Saliyo a 1864 yana kan hanyar gida. Cikin shekara ashirin ke nan ƙasa ɗaya ta ga masu iko biyu, ban da mutanen Oworo da ke kan tuddan nan tun kafin a yi wannan duka, da Kakanda da Nufawa da ruwan ya zame musu gona. Ba gardamar waye ɗan ƙasa waye baƙo na zo tayarwa ba, mun gaji da ita, ba ta taɓa hana ruwa shiga ɗakin kowa ba.

Daga nan sai kamfani. A 1886 Ingila ta ba Kamfanin Neja na Goldie izinin mulki da ciniki, Lakwaja ta zama sansaninsa. Ran 1 ga Janairu 1900 a garin nan aka sauke tutar kamfani aka ɗaga ta Ingila, Gwamna Lugga yana tsaye, kamfani kuma ya karɓi fam 865,000. Na sha koya wa yara wannan rana a aji, su haddace su rubuta a jarrabawa, ban taɓa tsayawa na gaya musu cewa ƙasar da ke ƙarƙashin bencinsu tana cikin abin da ya sauya hannu ba. A 1910 aka yi dokar da ta ce ƙasar Arewa duka tana hannun Gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa. A 1916 aka yi wata ta mayar da filayen da kamfani ya tara hannun gwamnati. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta tsarin da tata dokar.

Duk wannan a sama ake yi. A ƙasa kuwa, ga abin da na ji daga bakin Gwaggo, ita kuma daga bakin mahaifinta.

Wanda ya fara share wurin wani Bakakande ne mai manyan kwalekwale, yana ɗaukar wa kamfani ƙwarar kaɗanya da gishiri. Shi ya jera duwatsun matakala, shi ya kafa zoben. Wata shekara jiragensa biyu suka kife da kayan mutane, bashi ya hau kansa, sai ya jinginar da gidan ga wani akawun kanti, jikan mutanen Saliyo. Jingina dai ka sani, ba sayarwa ba ce, ranar da aka kawo kuɗi ranar ake fansa. Kuɗin ba su zo ba har mai gidan ya rasu, 'ya'yansa suka bi ruwa suka yi arewa. Akawu ya rushe bukkoki ya ɗora bulo, ya zauna shekaru, da zai yi ritaya ya koma Ikko sai ya nemi mai saye. Kakana Bakano ne, fatauci ya kawo shi, yana sauko da kanwa da fata yana hawa da goro. A lokacin Sarkin Kano Alu Babba yana tsare a garin nan, kamar yadda aka kawo Sarakunan Zazzau Kwasau da Aliyu Ɗan Sidi, kuma Kanawa sukan je gaisuwa ranar Juma'a. Gwaggo takan ce an sayi gidanmu damina biyu bayan rasuwar Sarki Alu. Shi kuwa a 1926 ya rasu, kabarinsa na nan unguwar Kabawa.

Ka ga ko a tsakaninmu talakawa akwai ƙulli. Akawu ya sayar da abin da aka jinginar masa. Kakana bai yarda ya biya ba sai da aka aika aka nemo ɗan Bakakanden nan, ya zo ya tsaya gaban liman ya ce ya yafe fansa, aka ba shi riga da ɗan abin da ya samu. Na fi girmama wannan zama a kan duk dokokin da na lissafa maka, domin shi kaɗai ne aka nemo mai haƙƙi aka tambaye shi.

Takardar cinikin tana nan. Tana cikin wata adaka ta ƙarfe mai zanen furanni da tsatsa ta cinye, a naɗe cikin ƙyallen fari. Da ajami aka rubuta ta, tawadar ta koma ruwan ƙasa, inda aka ninke ya tsage har an bi shi da zare. Ta ambaci kuɗi, fam goma sha huɗu. Ta ambaci shaidu huɗu, liman da mai unguwa da fatake biyu. Sannan ta faɗi iyaka: yamma hanyar kwata, arewa katangar maƙwabci, kudu tsamiya, gabas ruwa. Malam Edita, dubi wannan iyaka da kyau. Hanyar kwata an faɗaɗa ta an zuba kwalta. Katangar maƙwabci ta faɗi. Tsamiya, ni da idona na ga ranar da iska ta kayar da ita ina aji uku. Saura ruwa. Da rani nakan taka daga matakala zuwa bakinsa in ƙirga taki ɗari da arba'in, duk yashi, har yara na buga ƙwallo mata na shanya. A watan Satumba kuwa sai ya zo ya kwanta a kan zoben. Gabas ɗin gidanmu ke nan, tana tafiya tana dawowa.

Malamin da ya rubuta takardar ma da wayonsa. Bai ce an sayi ƙasa ba, cewa ya yi an sayi gini da abin da katanga ta kewaye. Ya san ƙasa ta Gwamna ce a takardar Bature, sai ya bi ta gefe.

Ban da ita akwai rasiɗan haraji na En'e, ƙanana kamar tafin hannu, an soke su da tsinke ɗaya. Akwai kuma takardar alƙali ta rabon gado bayan rasuwar kakana: aka fitar wa matansa biyu tumuni, aka raba saura tsakanin maza uku da mata biyu. Mahaifina ya yi shekara shida yana biyan 'yan'uwansa kasonsu kaɗan-kaɗan. Gwaggo kaɗai ta ƙi karɓa. Ta ce a bar mata ɗakinta mai taga ta gabas, ba ta sayar da inda take jin kiran masu jirgi da asuba. Tana cikinsa har yau, ta haura tamanin da kyau.

Daga wannan takarda adakar ba ta ƙara samun baƙuwa ba. A 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta, aka shiga zamanin takardar shaidar mallaka, wadda kowa ke kira C of O. A lokacin muna cikin Jihar Kwara, komai sai an je Ilori. Mahaifina ya je sau biyu, ya dawo ya ce kuɗin safiyo da na mota sun fi ƙarfin ɗan tireda, kuma wa zai zo ya ce gidan ba nasa ba ne alhali duk unguwa ta san ubansa? A 1991 aka ƙirƙiro Jihar Kogi, hedikwata ta zo har ƙofar gida, filaye suka yi tsada dare ɗaya. Wannan karon laifin nawa ne. Ina da albashi, ina da ilimin cike fom, na yi ta cewa sai wata mai zuwa. A 1997 kuma aka yi dokar hanyoyin ruwa ta tarayya, wadda ta kafa hukumar NIWA mai hedikwata a garin nan, ta kuma ba ta iko a kan mita 100 daga gaɓar manyan koguna. Ka ƙirga da kanka: Atta, Masaba, kamfani, Gwamnan Turawa, gwamnatin Kaduna, gwamnan Ilori, gwamnan Lakwaja, ga kuma tarayya ta ɓangaren ruwa. Mu muna zaune a wuri ɗaya, ana ta sauya mana mai ƙasa.

Sai mai ƙasa na gaskiya ya zo duba kayansa. A Satumbar 2012, bayan ruwan sama mai yawa da sakin ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, kogi ya cika ya tumbatsa har ya yanke hanyar Abuja. A gidanmu da la'asar ya hau matakala ta biyu, muka ce ai ya saba. Bayan isha'i ya shigo ta magudanar tsakar gida, ba ƙara ba igiya, kamar mai sanɗa. Kafin asuba ya kai gwiwa. Wani yaro Banufe da na koyar ya turo kwalekwale har cikin zaure. Na ɗauko buhun shinkafa, Gwaggo ta daka mini tsawa irin wadda rabona da ji tun ina ɗan makaranta: "Kai, ajiye wannan! Shinkafa a kasuwa take. Ɗauko adakar Baba." Haka ta zauna a tsakiyar jirgi da adaka a cinya, ta rufe ta da mayafinta, ita kuwa ruwan sama na dukanta. Mun yi mako biyar a ajin wata makaranta a kan tudu. Da muka dawo ɗakuna biyu na laka sun zauna, na ja layi da gawayi a bangon zaure inda ruwa ya tsaya. A 2022 na sake jan wani, ɗani guda a saman na farko.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Wani tsohon ɗalibina da ya zama lauya ya zauna ya warware mini dokar 1978 a zauren nan. Ya ce sashe na 34 ya tanadi cewa wanda ke riƙe da gini a cikin birni tun kafin dokar, ana ɗaukarsa tamkar gwamna ya ba shi izinin zama, ko da bai karɓi takarda ba. Na ji sanyi. Sai ya ce in tsaya, da saura. Gwamna na da ikon karɓe fili don amfanin jama'a, kuma in za a biya diyya, ta abin da ka ɗora a kan ƙasa ake biya, gini ko shuka, ba ta ƙasar kanta ba. Na yi shiru ina juya maganar. Wato hujjata a wurin nan ita ce bangon da ke tsaye da mutanen da suka san tarihinsa. Bangon laka ne, in ba kowa a ciki yana yaɓe duk rani, damina uku ta ishe shi. Mutanen kuma su ne su Gwaggo. In muka tashi, bango ya zube, tsofaffi suka kwanta dama, me ya rage? Yashi da takardar ajami mai cewa kudu tsamiya.

Ba hasashe nake yi ba, a maƙwabta na gani. Gidan da ke arewa da mu ruwan 2022 ya kwantar da shi. Magada sun haura ashirin, wasu na Abuja, wasu Kaduna, wasu ba a ma san inda suke ba, ba a taɓa raba gadon ba tun mutuwar kakansu. Rani na yi sai ga tifa tana juye ƙasa. Bayan mako biyu an kafa turakun siminti, bayan wata an zagaye da bulo. Wani daga cikin jikokin, ashe, shi ya sa hannu shi kaɗai. Maganar tana kotu, katanga kuwa tana ƙara tsawo. Dillalin da ya haɗa cinikin bai ji kunyar sallama a zaurena ba. Ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Baba Malam, wurin nan fa ba na zama ba ne yanzu, kai ma ka gani. Akwai mai son ya yi otal mai kallon ruwa. Ka karɓi kuɗi ka gina a tudu ka huta." Na ce masa, "Ɗana, ruwan da zai ci ni ba zai ci otal ba?" Ya yi dariya ya ce ai su za su cike wurin su ɗaga shi. Ka ji fa. Wurin da ba ya zaunuwa ga mai laka, yana zaunuwa ga mai tifa. Kuma duk ƙasar da ya cike, ruwan da ya kamata ya kwanta a nan gidan na kusa zai nufa.

'Ya'yan ƙanena ma sun fara wannan waƙa ta waya, a sayar a raba kowa ya kama gabansa. Ban ga laifinsu sosai ba, ba su taɓa kwana suna jin ruwa na lasar matakala ba, wurin a gare su lamba ce.

Abin da nake roƙo ta bakin jaridarku ba mai tsada ba ne. Kafin a kwashe unguwa, ko a ce za a ba ta fili a tudu, a turo ma'aikatan ƙasa da safiyo su bi gida-gida da rani, lokacin da ake ganin tushen kowace katanga. A zauna da mai unguwa da liman da fasto da tsofaffin mata, don su suka fi riƙe wa ya auri wa, wa ya gaji wa. A karɓi takardar ajami a matsayin hujja, a nemo masu karanta ta tun suna raye, a ɗauki hotonta a ajiye a kwamfuta inda ruwa ba ya kaiwa. Fayilolin Lardin Kabba na zamanin Turawa suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, ɗaliban jami'a na iya taimakawa a haɗa abin da ke can da abin da ke cikin adakokinmu. Sannan a faɗa mana a rubuce: wanda ya koma tudu, tsohon filinsa yana nan nasa ko ya zama na hukuma? In na hukuma ne don ruwa ya samu wurin kwanciya, to a bar wa ruwan, kowa ya gani, na yarda. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne in tashi saboda ambaliya, bayan shekara uku in zo in tarar da mai gadi yana tambayata wa nake nema.

Mu ma masu gidajen sai mun gyara. A raba gado tun shaidu na da rai, ko a rubuta cewa an bar shi a haɗe da yardar kowa. Ni na fara, ko da yake a makare. Jikata ta ɗauki muryar Gwaggo a waya har zama uku, tana faɗin sunayen shaidu da inda tsamiya take. Na sa an auna wurin kututturen an kafa ƙarfe. Takardun neman shaidar mallaka kuma na cike na miƙa, shekara talatin da wani abu bayan lokacin da ya kamata.

In akwai wakilinku da zai ratso ta Lakwaja, ya tambayi gidan tsohon malami mai zoben ƙarfe a bayan kwata, masu jirgi za su nuna masa. Zan buɗe masa adakar, ya ga layukan gawayi biyu a bango. Ya zo da safe, lokacin Gwaggo ta fi jin ƙarfin magana, kuma ya yi ƙoƙari ya zo kafin Agusta.

Wassalam.

Naka mai karatu kullum,
Tsohon malamin firamare,
Lakwaja, Jihar Kogi.